Na Ba da Akuya, Na Riƙe Igiya

Zuwa ga autata Tabita,

Ina gaishe ki da sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe mu har muka ga geron bana ya nuna. Ina roƙonsa takardar nan ta same ki da lafiyar jiki da kwanciyar rai, ya tsare shigarki da fitarki a Sukukutane, ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoron Allah da 'yan makaranta masu jin magana. Babanki yana gaishe ki. Ya ce lallai in rubuta miki ki riƙa cin abinci, sai ka ce wadda gwamnati ta ɗauka aikin koyarwa ba ta san hanyar bakinta ba. To, na rubuta, na sauke nauyinsa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kina jin sa ta waya. Abin da ke cikin takardar nan ba ya faɗuwa a waya, don ina farawa za ki katse ni da "Inna, na gane," alhali ni kaina ban gama ganewa ba. Amma kafin ki ci gaba da karatu, ki nemo igiyar ramar da aka ɗaure katifarki da ita a kan mota. In ba ki yar ba, ki ajiye ta. Za ki ji dalili.

Kin tuna farkon daminar nan, da kika dawo daga Doso kin gama makarantar malamai, muna zaune a tsakar gida muna tsinkar zogale? Kika ce mini, "Inna, in na hwara amsar albashi, duk inda anka tura ni, ina za ni kai zakkata? Kuma ƙaƙa za ni sani ba cinyewa za a yi ba?" Na ce miki ki bayar kawai, Allah yana gani. Wannan amsar mai son a rufe zance ce. Na ga ba ki ƙoshi ba. Ni ma ban ƙoshi ba. Tambayar ta bi ni gona, ta bi ni rijiya, har cikin majami'a ana wa'azi ina juya ta. Wai shin in mutum ya ba Allah abu, daga wane lokaci abin yake daina zama nasa? Da ya furta? Da ya miƙa? Ko sai ranar da ya daina tunaninsa? Kuma wa ya kamata a tambaya, wa ya kamata a ƙyale? Da na bi tambayar har gindinta, sai ta kai ni ƙofar gidan Saratu.

Kin san Saratu, uwar Iliya, wadda gidanta ke bayan tsamiya. Kin taso kin ga muna gaisawa a kan hanya kamar baƙi, kin kuma ga ba ta shiga majami'armu. Abin da ba ki sani ba shi ne shekara ɗaya aka kawo mu garin nan muna amare. Turmi ɗaya muka yi ta daka a ciki, tare muka koyi karatu a ajin manya, ita ta riƙe ni ranar da na haifi yayanki. A zumuntar matan ikilisiya ita ke buga tulun kiɗa in ana waƙa, ni ina gefenta ina amshi. In Saratu ta ɗora tafinta a bakin tulun nan, tsohuwa mai ciwon gwiwa ma sai ta miƙe. Ni na raba ta da tulun, kuma da kyauta na raba ta da shi.

Kina aji biyu a lakwal, wato firamare, lokacin. Matar faston da muke da shi a wancan zamani, wadda duk muke ce wa Mama, mace ce mai lura. Ta ga wani abu da Fulanin da ke sauka gonakinmu bayan kaka suke yi, wanda suke kira habbanaye: mai dabba ya ba ɗan'uwansa mace ɗaya ta zauna a hannunsa, 'ya'yan da ta haifa su zama nasa, daga baya uwar ta koma. Mama ta ce me zai hana mu yi irin wannan a zumunta? Wadda Allah ya hore wa ta ba da akuya, a yi mata addu'a a gaban ikilisiya, a damƙa wa wadda ke cikin rashi. In ta haihu sau biyu, 'ya'yan na wadda aka damƙa wa ne, uwar kuma ta wuce gida na gaba. Ba za ta koma wurin mai bayarwa ba, domin ta riga ta zama ta Allah. Duk muka ce mun yarda.

Ni na fara. Ranar godiyar kaka, ana shigo da dammunan gero da wake da gujiya ana tarawa a gaban teburin wa'azi, sai ga ni da jar akuyata Kyalla, mai farin goshi. Na sa babanki ya tufka mata sabuwar igiya, na kuma wanke ta har da sabulu. Mata suka ɗauki guɗa, fasto ya ɗora hannu a kanta, ita kuma ta miƙa baki tana cin damin wani dattijo, majami'a ta ɗauki dariya. Kuskurena na farko ke nan, in kuskure ne, don har yau ina bincikar kaina a kansa. Don Allah na kai ta ko don guɗa? Na san ina ƙaunar Saratu da gaske. Mijinta ya rasu a wannan shekarar ya bar ta da yara huɗu, na kuma san ita za a ba. Amma na san kuma da Mama ta ce a kawo akuyar ranar Talata ta bayan gida, da na ce a bari sai Lahadi. Niyyar mutum kamar gero take, da tsakuwarta take zuwa. Don haka kada ki jira sai taki ta tace sarai kafin ki bayar, ba za ki taɓa bayarwa ba. Amma in hanya biyu ce a gabanki, ta idon jama'a da ta bayan gida, ki gwada ta bayan gida ko sau ɗaya ki ji yadda ranki zai yi. In kin ji kamar an ƙwace miki wani abu, to kin gano abin da kika je nema.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma ina yin sa ina tsammanin hidima nake yi. Kyalla ta koma gidan Saratu, ƙafata ta bi ta. Yau in je aron rariya, gobe in je ɗibar wuta, alhali rariyata na rataye, murhuna na ci. In na yi sallama idona ba ya kan Saratu, yana kan turke. In shafa bayan akuya, in taɓa haƙarƙarinta, in leƙa kaskon ruwa. "An ba ta ruwa kuwa? Wanga turke bai cika rana ba?" Ita kuma ta ce, "An ba ta, Hannatu." Tun tana dariya tana cewa in kawo tabarmata in kwana wurin ɗiyata, har ta daina dariyar, ni kuwa ban lura ba. Da bazara ta yi zafi, ciyawa ta ƙare, na fara kai dusa a ƙwarya. Ba a rufe nake kai ta ba. Ta tsakiyar gari nake bi, duk wanda ya tambaya in ce ta Kyalla ce.

Duk da dusar, akuya ta ci gaba da ramewa, ga ciki ya fara fitowa. Abin ya ɗaure mini kai. Ina dusar take zuwa? Maimakon in ja Saratu gefe in tambaye ta yadda ita da yara suke kwana, sai na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kin san yadda muke yi a taron zumunta, kafin a tashi akan ce wa ke da abin da za a sa a addu'a. Wata ta ce ciwon ɗanta, wata ta ce mijinta da ke ci-rani. Ni kuma na ɗaga hannu, na sassauta murya irin ta masu tsoron Allah, na ce, "'Yan'uwa, mu sa akuyar zumunta cikin addu'a. Kyalla ta rame ƙwarai, ga ta da ciki. Mu roƙi Ubangiji shi ba masu riƙon amana hikima." Aka rufe ido, aka yi wa akuya addu'a da sunanta, aka ce amin. Saratu na zaune da tulu a cinyarta. Ba wanda ya ambaci sunanta, ko sunan ɗaya daga cikin marayun.

Washegari da hantsi, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya, sai ga ta tana jan Kyalla ta tsakiyar gari, ta hanyar da nake bi da dusa. Ta shigo, ta ɗaure ta a turkenmu da hannunta. Ta ce, "Ga akuyakki, Hannatu. Ni na aza ta Allah ta, shi ya sa na amsa. Ashe taki ta." Ta juya ta fita. Ranar Lahadi ba ta zo sujada ba, ta bayanta ma haka. Mama ta je gidanta, Saratu ta ba ta tabarma da ruwan sha, ta saurare ta har ƙarshe, amma ba ta dawo ba. Ba Yesu ta bari ba, har yau in tana daka ina jiyo waƙoƙinmu daga bakinta, kuma lokacin Kirsimeti takan taka da ƙafa ta je majami'ar ƙauyen da ke gabanmu. Mu ta bari. Ni kuwa a lokacin har fushi na yi, ina ce wa babanki dubi sakayyar alheri.

Auta, in kin bayar, ki cire idonki tare da hannunki. Kuma ki kiyayi bakinki a wurin addu'a fiye da yadda kike kiyaye shi a kasuwa. A kasuwa in kin ci wa mutum fuska yana iya ramawa, a wurin addu'a kuwa dole ya ce amin.

Kuskure na uku a hankali ya shigo, babu ranar da zan nuna in ce ga ranar da na yi shi. Akuya ta dawo turkena, amma ba tawa ba ce, ta zumunta ce. Mama ta ce in riƙe tukuna, ko Saratu za ta huce. Kyalla ta haifi tagwaye, duka mata. Na ce a bari a yaye su. Kafin a yaye su aka yi wa fasto canjin wuri, Mama ta tafi. Sabuwar matar fasto ta zo ba ta san zancen ba, matan da suka sani kuma kunya ta hana su tayar da shi, don kowacce ta ce amin a ranar nan. Ni kuwa na raɗa wa kaina suna mai daɗi, wai mai riƙo. Da farko ina cewa akuyar zumunta. Daga baya ina cewa Kyalla. Can sai na ji bakina yana cewa awakina, kuma bai yi mini nauyi ba.

Duk awakin da kika taso kika gani a gidan nan zuriyar Kyalla ce. Da kika ci jarrabawa kika tafi kwaleji a Tibiri, daga turken nan babanki ya kama ya kai kasuwa. Kayan da kika tafi da su Doso, da maganin da aka saya lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ke, duk daga nan suka fito. Bisa ƙa'idar da muka tsaya a gaban Allah muka yarda da ita, tagwayen nan da haihuwar da ta biyo bayansu na Saratu ne. Iliya ajinku ɗaya, kin kuma sani ya fi ki lissafi. Ya bar lakwal ya bi masu ci-rani. Ban ce akuya ce za ta riƙe shi a aji ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Amma ina yawan tambayar kaina, kuma tambayar tana yi mini ciwo. Ba don ki ɗauki nauyi na gaya miki ba. Ke ba ki ɗauki kayan kowa ba, ni na ɗauka. Na gaya miki ne don ki san karatunki ba guminmu kaɗai ba ne.

Da tambayarki ta hana ni sakat, na shiga yawo da ita kamar mai talla. Na fara da babanki. Ya ce shi dai in ya kai dami rumbun ikilisiya ya juya baya, ya gama, kuma matsalata ita ce ina sa wa dabba suna. Na je wurin fasto. Ya yi mini bayani mai kyau, cewa komai na Allah ne tun farko, mu riƙo kawai aka ba mu. Gaskiya ya faɗa, amma na fito da tambayata a hannu, don ni na fi kowa iya kiran kaina mai riƙo. Sai rannan Dije ta shigo, Bafillatar nan da ke kawo mana nono tun ba a haife ki ba, muna musanya da gero. Na ce bari in tambayi masu abin.

Na ce, "Dije, ku da kunka san habbanaye tun kakanni, in kin ba mutum dabba, kina zuwa dubawa?"

Ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, "In je in duba mi? Mu a gidanmu, kahin ka ba mutum kana duba shi. In ka ba shi, ka gama dubawa. Ko hanya ta biyo da ni ta garkenai, mutanen gida nika gaidawa. Ba ni kallon wajen dabba, sai in shi da kainai ya ce zo ki gani."

Na ce, "In ta rame hwa?"

"Ta rame. Bazara ta."

"In ta mutu?"

Ta ce, "Hannatu, a hannuna ba su mutuwa?"

Ta rufe ƙwaryarta da faifai kamar za ta tashi, sai ta fasa. Ta ce, "Jar akuyag ga ta da kika tunani, ko?" Ashe har ruga an san zancen. Ta ce, "Shekarar nan na bar shiga gidan Saratu da nono, don babu geron musanya. Rannan na shiga shan ruwa, na iske ta tana tankaɗe dusa. Ba don akuya ba. Tuwo taka yi ma yara da ita."

Shekara da shekaru ina mamakin inda dusar take zuwa, ga amsar ta zo mini ina zaune a tsakar gidana. Ina bi ta tsakiyar gari ina shelar abincin akuya, ashe abincin marayu nake ɗauke da shi, uwarsu kuma tana karɓa tana godiya, tana zaɓa tsakanin cikin akuya da cikin 'ya'yanta. Ta zaɓi daidai. Na yi kuka a gaban Dije, ita kuma ta kawar da kai ta bar ni na yi.

To ga amsar tambayarki, gwargwadon abin da na gano. Zakkarki ki kai inda kike sujada, ko da zauren wani ne da tabarma biyu. Kin ce yaya za ki san ba cinyewa za a yi ba. Tambaya ce mai kyau, kada kowa ya ce miki rashin bangaskiya ne. Amma bayan ke, mutum biyu ne a cikin kowace bayarwa, mai riƙo da mai karɓa. Mai riƙo, ko ma'aji ne, ko dattijo, ko fasto, a tambaye shi. A tambaye shi a fili, da ladabi, a taron da aka yi don haka, ba a bayan idonsa ba. Wannan taimakonsa ne. Da mace ɗaya ta tashi a zumunta ta ce, "Hannatu, ina akuyarmu?" da ta cece ni daga duk shekarun nan. Mai karɓa kuwa a bar shi da mutuncinsa, in za a tambaye shi, a tambayi lafiyarsa. Ni na juya abin. Na tsare mai karɓa da ido, da na zama mai riƙo kuma na ji daɗi da ba wanda ya dube ni.

Zan ma gaya miki abin da zai same ki can. An ce 'yan'uwa masu bi kaɗan ne, ke kuma malama ce, kin iya rubutu. Ba za a daɗe ba za su ce ke za ki riƙe baiko, kuɗin da ake tarawa a sujada. In kin karɓa, kada ki riƙe ke kaɗai, ki nemi ido na biyu tun ranar farko, kuma ki nemi wanda ba ya jin kunyarki. Ki riƙa kiran abin da sunan mai shi, na ikilisiya ne. Ranar da kika ji kin ce "abin da ke wurina" kuma bakinki bai yi nauyi ba, ki tuna awakina. A aji ma haka. Za ki ga yaro yana taka yashi mai zafi ba takalmi, na san ki, za ki saya masa. Ki saya. Amma kada ki riƙa duban ƙafarsa kowace safiya. Mai yiwuwa ya ba ƙanensa, mai yiwuwa uwarsa ta ajiye don salla. Ban da haka, ranar da ke ma kika rasa, aka kawo miki, ki karɓa da hannu biyu, ki ji yadda yake. Ni ban taɓa zama a wancan gefen ba, shi ya sa na yi ta taka mutum ban sani ba. Ina son in ji yadda suke yi a can. Suna da rumbu? Matan suna da tulu? Wa ke riƙe musu baiko yanzu, kuma wa ke tambayarsa? Ki rubuto mini.

Saura in gaya miki abin da na yi, don kada ki ce Inna ta iya wa'azi. Na tashi a taron zumunta, a daidai lokacin nan na abin da za a sa a addu'a, na faɗi komai, na ce sunana za a sa. Na mayar wa zumunta akuya mace ranar Talata, ta bayan gida, kuma gaskiya raina ya ɗan sosu da ba a yi guɗa ba. Kin ga tsakuwar tana nan. Sannan na zaɓi wadda ta fi kyau a turke, ja ce ita ma, cikinta ya tsufa. Babanki ya tufka sabuwar igiya, ya ce, "Wagga kuma kada ki sa mata suna." Kina gonar wake ranar, ba ki gani ba. Na bi ta bayan gari har gidan Saratu.

Na same ta tana gyaran ganyen miya. Ta amsa sallama, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ba ta dubi akuyar ba. Na faɗi abin da na zo faɗa. Na ce, "Saratu, ba kyauta na kawo ba. Taki ta, tun tuni. Kuma ba ta kai abin da na ci ba."

Ta ci gaba da gyaran ganyenta. Can ta ce, "Kin san abin da ya hi yi min ciwo? Ba akuya ba. Da kinka ɗaga hannu kinka ce a yi addu'a, na aza sunana za ki hwaɗi. Har na sadda kai."

Na ce ta gafarta mini. Ba ta ce ta gafarta ba, ba ta ce ba ta gafarta ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata tsohuwar igiya mai ƙulli biyu. Ta kwance tawa daga wuyan akuyar, ta ɗaura tata, ta kai ta turke. Sannan ta naɗe sabuwar igiyar babanki ta sa mini a hannu. Ta ce, "Akuya ta zauna. Igiya ki tahi da abinki. In kuma rariya kika so, ki aiko a kai miki."

Kin san hanyar gonarmu ta bayan dangarta take bi. Duk daminar nan ina wucewa safe da yamma, ina jin kukan akuya, wuyana har ciwo yake don hana shi juyawa. Ta haihu? Ɗaya ne ko biyu? Ana ba ta ruwa? Babanki ya gane, ya riƙa cewa, "In hwaɗa miki abin da na gani?" Na ce in ya buɗe baki zai tuƙa tuwonsa da kansa. Ban taɓa sanin rashin leƙe aiki ne mai wuya haka ba, ya fi noma.

Safiyar da za ki tafi, kina ɗaki kina haɗa kaya, aka yi sallama a ƙofa. Na fita, Saratu ce, da 'yar ƙwarya a rufe da faifai. Rabonta da ƙofar nan tun ranar da ta dawo da Kyalla. Ba ta shigo ba. Ta ce, "Na ji malama za ta tahi. A dama mata hura." Na buɗe, kindirmon akuya ne, fari sol. Tambayoyi suka cika mini baki, yaushe, guda nawa, mace ko namiji. Na haɗiye su duka, na ce, "Allah shi saka da alheri." Ta ɗan tsaya, ina jin jira take ta ga ko zan tambaya. Da ta ga ban tambaya ba, ta gyara mayafinta ta ce, "Wa ka buga tulun ga yanzu?" Na ce Rahila. Ta ce, "Shi ya sa. Daga gidana nika jin shi, kamar ana dakan jiƙaƙƙen gero." Ta tafi.

Furar nan ce kika sha har kika kankare ƙwarya, kika ce ba ki taɓa shan mai daɗinta ba, ina na samo nonon? Na ce ki sha, mota na jira. Da direba ya ce igiyarsa ta gaza wa katifarki, na shiga ɗaki na sauko da wadda ke rataye a ƙusa tun ranar da Saratu ta mayar mini da ita.

Godiyar kaka ta matso. Ban sani ba ko Saratu za ta zo. Sau biyu ina ɗaukar mayafi in je in tuna mata ranar, ina mayarwa, don ta fi ni sanin ranar. Ki sa ta a addu'a, da sunanta, ke da Allah kaɗai. Ki sa Iliya ma.

Kin bar gidan nan da nonon Saratu a cikinki, Auta, kuma tun kina aji biyu rabonta kike ci, sai dai wannan karon ita ta ba ki da hannunta. Ba ta tsaya ta ga ko kin sha ba.

Ubangiji ya tsare ki a hanya da masauki, ya kiyaye ki daga ciwo da mugun baki, ya buɗe hannunki, ya kuma koya wa idonki kawar da kai tun da wuri, kada ki kai shekaruna kina koyo. Ya dawo mana da ke lafiya lokacin hutu. Ki gai da 'yan'uwan da kika samu a can. Kuma ki ci abinci, kada babanki ya ce ban rubuta ba.

Innarki,
Hannatu